Danjar da Ba Ta San Ni Ba

Biyar na asuba, Garwa ba ta gama miƙa ba.
Ni da babur da Goggo Dudu da daron kifin Lagdo
muna tsaye gaban jar wuta.
Hagu ba kowa, dama ba kowa,
sai kare mai ɗingishi da ya tsallaka bai nemi izini ba.
Ƙanƙarar kifi na narkewa, tana bin gadon bayana.
"Wuce mana, ɗan nan!"
Goggo, kin ga inuwar can a gindin dalbejiya?
Inuwar tana da usur, tana da biro,
shekaranjiya ta ci mini jaka biyu.

Sai ga motar auduga tana huci kamar dorinar Binuwai.
Ko birki ba ta gama takawa ba
wutar ta yi kore, har da rawar jiki.

Na kai ƙara wurin Jingi mai gyaran rediyo.
Bai ɗago ba, hayaƙin dalma na shiga masa hanci.
Ya ce akwai waya kwance a cikin kwalta,
ba ido gare ta ba, ba kunne,
yawan ƙarfe kaɗai take ji,
ni da babur ɗina ba mu kai a ji mu ba.
Na ce, Jingi, ai na san dangin wayar nan:
yayarta na ƙofar asibiti,
ƙanwarta na zaune a tagar banki.

Ya farke cikin wata tsohuwar lasifika
da ta tsufa tana kiran salla a Rumde,
ya ciro baƙin zobe, mayen ƙarfe.
Almakashi ya taso daga tebur ya rungume shi.
Da tsumman roba ya ɗaure mini shi a ƙasan inji.
Dala ɗari.
Na ce, laya ce?
Ya ce, ilimi ne, amma ka yi bisimilla.

Washegari na tsaya daidai kan tsagar kwalta,
na karkata babur kamar mai gaida suruki.
Na ƙirga a zuci.
A sha bakwai ta yi kore.
Na danna oda, na washe baki,
har na fara shirya wa Jingi kirari,
sai idona ya faɗa madubi:
tankar mai ce tsaye a bayana, direban na hamma.

To wa ta gani?
Jingi ya ce ni.
Bakari mai faci ya ce agogo ne a cikin kanta,
ba ruwanta da ƙarfe, ba ruwanta da uban kowa,
an dai sayar mini da kunnen matacciyar rediyo.
Sun yi ta yi har shayi ya huce.

Yau wata uku.
Wata rana kore, wata rana in tsufa a wurin.
Abin da na tabbatar shi ne wannan:
bayan isha'i Ladiyo 'yata
takan durƙusa da tocila a ƙarƙashin babur
ta tsince abin da mayen ya kwaso a yini.
Ƙusa, noti, murfin lemo,
allurar wani tela da har yanzu yake laluben ta,
rabin makullin ɗakin da ban san mai shi ba.
Gwangwanin tumatir ya cika, mun shiga na biyu.
Tayata ba ta sake sacewa ba,
Bakari ya rage fara'a in na gaishe shi.

Gobe da asuba Goggo Dudu na jira da daronta.
Zan je in tsaya a kan tsagar nan.
Ta gan ni, ko kada ta gani.
Titi dai ya san na wuce,
ga saƙonsa nan a gwangwani,
Ladiyo na girgiza shi tana rawa.