Igiyar Rama

Shekara tara ke nan
Likita Sha'aibu yana riƙe wuyan hannuna
kamar mai ɗaukar ƙwan zabo.
Ya ɗaura mini ƙyallen nan mai kumbura,
ya ce, "Iya Tabawa, kin koma wa gishiri."
Ni in rantse, shi ya yi dariya,
don ya san tukunyata ciki da bai.

Sai ga shekarar da aka rufe Gujungu.
Lahadi ta zo ta wuce,
ko kukan akuya babu a hanya.

Ran Talata na tafi, katina a haɓar zane.
Na tarar an ɗaura igiyar rama
daga darbejiya zuwa ginshiƙin baranda.
Bencin da muke cika mu shida,
muna musayar ciwo kamar goro,
an kife shi, ƙafafu sama.
Wani yaro ya auna mini farar bindiga a goshi,
na yi salati,
ya ce, "Wuce."

Likita yana bayan taga.
Mu a nan jaki muke sa wa takunkumi ranar sussuka,
yau ga shi a bakin mai ilimi.
Idanu kawai suka rage masa,
su ma sun yi ja.

"Kina tari?" A'a.
"Kina jin ƙanshi?"
Na ce ina jin warin ruwan da kuka wanke ƙasa.
Jirin da na zo da shi tun daga gida
bai sami wurin zama ba.
Aka miƙo ƙwayar wata uku a murfin kwano,
da lambar waya a bayan katina.

Waya a garinmu sai an hau suri
a bayan gonar Ɗanlami.
Jikata Zulai ta ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa.
"Ban ji ba, Iya, sake faɗa."
Murya tana tsinkewa kamar zaren sabuwar koyo.
Ɗari biyu ta ƙare
ban gama gaisuwa ba.

Goggo Ta-Annabi ta ƙi zuwa sam.
Ta ji an ce wanda ya yi tari
sai a ɗauke shi zuwa Dutse, a kulle.
Ƙafafunta suka cika kamar salka.
Ta tafi da asubar Alhamis,
har yau ba mu san sunan abin ba.

Ni kuma na faɗi a bakin rijiya,
guga ya riga ni isa ƙasa.

Bayan isha'i na ji babur.
Ya tsaya a zaure, bai zauna ba.
Ya riƙe hannuna ta cikin roba,
sanyi kamar cikin randa,
sai na ji ashe nasa ma rawa yake.
Na ce, "Kai wa ke auna naka?"
Ya yi shiru.
Can ya ce, kwana arba'in da biyu
bai ga 'ya'yansa a Ringim ba,
ta waya ƙaramar ta koyi kiran sunansa.

Na ƙulla masa daddawa a leda.
Bai karɓa daga hannuna ba.
Na ajiye a ƙasa, na ja da baya,
ya sunkuya ya ɗauka,
kamar masu cinikin da aka hana.

Yanzu an miƙe bencin.
Igiyar tana wuyan tunkiyar maigadi.
Amma in na isa darbejiyar nan
ƙafata takan tsaya da kanta,
sai ya leƙo ya ce, "Iya Tabawa,"
sai ya sake faɗa,
kafin in tsallake abin da babu.