Ƙamus ɗin Tafinta

Shekara talatin da ɗaya Baba Nomau
na tsaye tsakanin alƙali da talaka a kotun Tawa,
ya ɗauki Faransanci da kunne,
ya sauke shi da Hausa, wata rana da Buzanci.
Bara, wata Laraba bayan la'asar,
jini ya hau, harshe ya kwanta.

Yanzu ni ke yi masa karatu
a tsakar gidanmu na Garkawa.
Ƙamus ɗinsa ne. Bango ya tafi, gara ta cinye harafin ƙarshe,
gefen kowane shafi akwai jan birensa
ƙanana, kamar sawun kiyashi.

Parler. Ya ja layi biyu:
"Daga Girka ta biyo ta Latin. Asalinta misali,
ka jefa abu kusa da abu don a gane."
Ashe duk kumandan da ya daka wa kakanninmu tsawa
karin magana yake yi, bai sani ba.

A Sifen hablar, a Fotugal falar,
uwarsu ɗaya, fabula, wato tatsuniya.
Na yi dariya har Baba ya buɗe ido.
Ƙasa biyu cur suna gatanan gatananku a kasuwa,
ba wanda ya gaya musu ba a yin ta da rana.

Ya ɗaga yatsa. Na juya.

Barbare. Girkawa sun saurari baƙo,
ba su ji komai ba sai bar-bar-bar,
suka raɗa masa suna da abin da kunnensu ya kasa.
Rashawa kuma bebe suka kira Bajamushe.
A ƙasa ya rubuta, har biro ya huda takarda:
"Mu ma muna da gwaranci. Kada mu cika baki."

Wuta ta ɗauke. Na kunna fitilar waya.

Mot, kalma. Kakarta muttum ce,
ɗan gurnani, abin da ke fita in leɓe bai rabu ba.
Enfant kuwa, yaro:
wanda bai iya magana ba.
Nan ban karanta da ƙarfi ba.
Na goge masa yawu da gefen gyalena.

Sai ya ce, mm.
Ya sake, mai ɗan tsawo, mmm.

Inna Tsahara daga bakin murhu:
"Me ya ce?"
"Shayi yake so, kada a sa sukari."
Ta tashi neman gawayi.

Ban tabbata ba.
Wataƙila sauro ne, wataƙila sunana,
wataƙila shari'ar wani makiyayi daga Abalak
da ya juya wa magana shekaru arba'in baya
ta dawo tana ƙwanƙwasa.
Na dube shi, ya dube ni,
irin duban tsohon ma'aikaci ga sabon ɗauka.

Da shayin ya zo, ya sha rabi.