Jakin Tunau

A Mai Wurno, bayan isha'i,
in Gwaggo Ladiyo ta hure fitila don tattalin kananzir,
sai kakanmu Tunau ya taso daga yamma
da sanda ɗaya, da salka ɗaya.
Kullum sai an kira shi sau uku a mafarki yake amsawa.
Kullum wata tsohuwa ke tare shi a mararraba,
ta ba shi laya, ta ce kada ya waiwaya.
Wata bakwai yana keta rairayi, ƙishirwa na ba shi hanya,
har ya iso bakin Nilu, ya iske kada ya hana ɗiban ruwa,
ya soke shi a maƙoshi.
Aka ba shi 'yar mai fito, aka yanka masa gona.
Ƙurunƙus.
Mu kwanta muna hura hanci, jikokin namijin duniya.

Sai da na yi gemu na zauna gindin darbejiya
inda Baba Korau ke kafa dara da Annur mai shayi.
Na kawo zancen kada.
Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, yaro, ni na sha gahawa da Tunau.
Ba mafarki ya taso shi ba, bashin gero ne.
A Fashir jakinsa ya taka ƙaya ya gurgunce,
ayari ya gaji da jira, ya tafi ya bar shi yana zagin jaki.
Mutum arba'in da ɗaya.
Rijiyar da suka dogara gare ta ta ƙafe a shekarar.
Bayan sati uku ya bi sawunsu,
yana tsintar takalma.

Kadan fa? na ce.
Ya ce, kada kam an yi shi,
amma tsoho ne, ba haƙori,
ya kwana biyu a nannaɗe cikin komar wani masunci.
Tunau ya zo wanke ƙafa ne kawai,
mata suka hango shi tsaye kan gawa, suka rangaɗa guɗa.
Wa zai ƙaryata guɗa?

Na yi shiru. Na ji kamar an kwance mini rawani a kasuwa.
Na ce, ashe sa'a ce tsagwaronta.

Korau ya zare tsinke, ya riƙe shi a sama bai dasa ba.
Ya ce, sa'a ta fi manyan kaya, gaskiya ne,
amma ba ta ɗaukar wa kowa kayansa.
Mutumin nan bai taɓa ɗaure kuɗinsa a ƙulli ɗaya ba:
rabi a lalita, rabi a ɗinke cikin bantensa.
Duk garin da ya sauka, gaisuwarsu ya fara koya,
sannan ya tambayi rijiya ta biyu, ba ta farko ba.
Da ya sami gona ya shuka dawa a tudu, riɗi a gangare,
ko wace damina ta zo, ta iske wanda ya san ta.
Bai san ranar da jaki zai taka ƙaya ba.
Ya dai tanadi ruwan jira.

Ya sunkuya zai ci Annur gida biyu,
sai ga akuyar maƙwabta a guje, kare na bin ta,
ta bi ta kan dara, ta watsa komai.
Annur ya ce alhamdu lillahi.
Korau bai ce uffan ba.
Ya share ƙasa da bayan hannu,
ya soma haƙa gurabe da ɗan yatsa, tun daga farko.

Jiya da dare aka ɗauke wuta.
Ɗiyata Asabe ta ce, Baba, ba mu labarin Tunau.
Na bar mata kadan da haƙoransa duka,
ba ni da zuciyar cire su.
Amma a Fashir na tsaya,
na sa wa jakin suna,
na daɗe ina cire masa ƙaya.