Kwandon Cima

Shekara ashirin da shida na yi riƙe da sitiyari,
Kwatano zuwa Damagaram, Damagaram zuwa Kwatano.
Kowane rami na hanyar Doso na san shi kamar ɗan'uwa.
Buhu ɗari shida a bayana, shinkafa fara fat,
da rubutun da ban taɓa iya karantawa ba.

Na san abin da ta sha kafin ta faɗa tukunyarku:
wata da watanni a cikin jirgin ruwa,
zaman sito tare da ɓeraye,
sai gazuwal, duro bayan duro.
Ni na zuba shi da hannuna,
ni na shimfiɗa baƙin hayaƙinsa bisa gonakin mutane,
ina danna oda, ina ji ni ma wani ne.

Bara likita ya ɗaure mini damtse da robarsa,
ya dubi allurar, ya dube ni.
Ya ce, Malam Mutari, me kake ci?
Na ce, abin da nake ɗaukowa.
Ya ce, to, sauke.

Ranar Alhamis ƙanwata Cima ta iso daga Mirya,
kwando a ka, takalmi a hannu.
Zogalen da ta tsinka bayan asuba, bai ko yi laushi ba.
Tumatir ƙanana, karkatattu,
ɗaya ma tsuntsu ya riga ni ɗanɗanawa.
Albasa da ƙasarta a gemu,
daddawa mai sallama tun daga zaure,
da gero tiya biyu na gonar babanmu,
inda gawo bakwai suke tsaye har yau,
su zubar da ganye da damina, hatsi ya tashi a gindinsu,
da rani awaki su ci 'ya'yan, su biya da taki.
Ba a taɓa rubuta wannan bashi ba,
ba a kuma taɓa cinye shi ba.

Babu leda a kwandon, ko ɗaya.
Na tuna akuyar Kalla mahauci
da aka ciro baƙar leda goma sha ɗaya daga tumbinta.

Na miƙa mata jikka biyu, ta ƙi, na matsa.
Na san inda za su kwana:
igiyar guga wajen Ɗan Jumma,
bakin fartanya wajen maƙeri,
saura littafin lakwal na autarta.
Kuɗin da nake kai wa Kwatano
ban taɓa gamuwa da su a hanyar dawowa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, jikana Laminu ya ture kwano,
taliya yake so, mai jan mai.
Ni ma wani dare harshena yakan yi kewar shinkafar.
Amma ƙafata ta daina kumburi,
ina hawa duwatsun Birni ba tare da na zauna sau uku ba.

Jiya da tsakar dare wani kamyo ya wuce ta Zongo,
na ji yadda ya canza giya, na san direban ya gaji.
Na tashi, na laluba ƙwarya,
na sha furar da tafiyarta duka
ba ta fi ta jaki daga hantsi zuwa azahar ba,
na koma barci.