Hamsin da Hamsin

Abaco mai kwalekwale ya iso da sassafe,
laka ta Lagon ba ta bushe a ƙafarsa ba,
oba-oba a naɗe cikin tsumma.
Ya ce, “Tun shekaranjiya ta yi gum.
Ina jin mutane, ba a ji na.”

Na juya ta. Gindin eriya ya ci tsatsa,
haƙorin tsakiya ya karye a ciki.

Na zazzage gwangwanin madara a kan tebur:
mahaɗai na tagulla, na farin ƙarfe,
mai murɗi, mai kunne biyu da ke kamawa da rabin juyi.
Ɗaya ya zauna daram, zare ya bi zare,
da na leƙa, rami ne ke kallon rami.
Sun rungumi juna, ba su gaisa ba.

Ga wani yana sheƙi, na talabijin,
saba’in da biyar, sefa ɗari uku kacal.
“Sa shi mana, ai zai shiga!”

Sai na ji muryar Garga,
wanda ya koya mini riƙon ƙarfen dalma a Garwa:
shiga daban, dacewa daban.
Akwatin hamsin ce, wayar hamsin, eriyar hamsin.
Ka sa baƙuwar lamba a tsakani,
murya ta taho a guje ta tarar da tudu,
wata ta haye, wata ta juyo gida
ta kwanta a cikin akwati ta zama zafi.

Abaco ya yi shiru, can ya gyaɗa kai.
“Kamar igiyar ruwa in ta daki gaɓa,
ta dawo ta mari jirgin da ya tashe ta.”

A ƙasan tarkace na samo nata,
na wata tsohuwar rediyon tasi da ta mutu bara.
Na kankare shi da reza,
na fere waya, ban yanki ko gashi ɗaya na ragar ba.
Dalma ta narke, hayaƙi ya shiga idona.

Mita: allurar tafiya ta miƙe tsaye,
ta dawowa ta ɗan motsa, ta koma barci.

Ya danna, ya kira ƙanensa a hayin Njamena.
Shuuu. Shuuu.
Sannan: “Ina ka shige? Buhunan albasa na jira!”

Ya ajiye sefa ɗari biyar da tarwaɗa biyu,
ya fita kasuwar Kusuri yana faɗa da akwati.