Abin da Ɗantani Ya Ji

Tun asuba muka bar Jega,
ni da yayana Ɗantani da 'yata Luba,
a motar Nomau mai ƙofa ɗaure da igiya.
Ya ce kuɗin mai kawai zan biya,
sai da muka kai Koko ya tuna da kuɗin taya.
Marka ce. Sama ta sunkuyo kamar mai neman allura,
gero ya fid da kai, hanya duk taɓo da ruwa.

Luba ce ta ga wurin a wayar ƙawarta,
ta hana ni sakat wata biyu.
Uwarta ta riƙe haɓa:
"Ku da gulbi ke bayan gidanku,
za ku ƙona mai don kallon ruwa?"

Shekara talatin da ɗaya Ɗantani na gindin injin niƙa.
Ya niƙa wa rabin gari dawa da masara,
injin ya niƙe masa kunne, ladarsa ke nan.
Yanzu kiransa sai da taɓa kafaɗa.
Ranar sunan jikansa ya ga bakin liman na motsi,
ya ja rigata, ya ɗaga murya:
"Me aka raɗa?" a gaban kowa.

Gaba da Zuru hanya ta ƙi mota.
Wani yaro, Irimiya, ya jingine fartanya,
ya ce ɗari biyar, ya shige gaba.
Muka ratsa dawa mai tsayin mutum biyu,
muka bi ƙarƙashin kaɗanya,
ƙaya ta karɓi rabonta a bakin wandona.
Ni da Luba muka fara jiyo shi,
rugugi can ƙasa-ƙasa, kamar hadari a cikin tulu.
Ɗantani na biye, yana cire ƙarangiya,
bai san an soma masa maraba da zuwa ba.
Na yi shiru. Me zan ce masa a kan tsawa?

Sai ga shi.
Kamar an kifar da ƙwaryar nono daga kan dutse
kuma ƙwaryar ba ta ƙarewa.
Feshi ya wanke mana fuska ba da izini ba,
guntun bakan gizo ya tsuguna a ƙasa
kusa da wata tsohuwa mai wankin kalwa.
Ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Ku dawo da rani ku gani,
ko akuya ba ya ƙosarwa."

Luba ta ɗaga waya, ta goge, ta sake ɗagawa.
Ni ina lissafin kuɗin komawa.

Ɗantani ya tuɓe takalmi, ya ajiye hula,
ya taka gansakuka a hankali, tafiyar mai ɗauke da ƙwai,
har falalen da ruwan ke duka.
Ya dafa shi da tafi biyu.
Ya daɗe.
Sannan ya kwanta rub da ciki, ƙirji a kan dutse,
dattijo mai furfura, kamar ƙadangare na shan hantsi.
Na tafi in ɗaga shi, ya kama hannuna
ya danna shi a kan haƙarƙarinsa.
"Ina jin sa!" in ji shi, da muryar nan tasa ta kasuwa.
"A nan nake jin sa.
Kai, wannan injin, wa ke zuba masa gas?"
Tsohuwa ta yi dariya har ta saki kwando,
Irimiya ya bi kalwa yana tarewa.

A Mahuta taya ta fashe, Nomau ya kalle ni.
Na biya, ban ce uffan ba.
Hotunan Luba duk hazo ne, sai guda,
shi ma tafin ƙafar kawunta ne da gefen dutse.
Ɗantani ya yi barci tun kafin Koko,
rigarsa jiƙe, bakinsa buɗe,
hannunsa na dama kwance a ƙirji
kamar mai gudun kada wani abu ya zube kafin mu isa.
Uwar Luba ta tare mu da fitila: "To, me kuka kawo?"
Na nuna mata shi, yana saukowa.