Wayar Baba Barau

A Famsanta nake, layi na uku, ƙarƙashin lema,
kasuwa mai sunan gona, babu kunya ko guda a cikinta.
Nan nake fiɗar wayoyi da ɗan hantsaki,
ƙaurin dalma ne turarena tun hantsi.

Ran Talata ya zo, busasshiyar laka har sha-raɓa.
Ya kwance ƙullin leda a hankali kamar mai fito da gado:
waya ce, fuska a tsage, an ɗaure ƙugunta da kyauro.
"Jakara ta sha," in ji shi,
"daren da ruwa ya haura lambuna a Kwakwaci.
Latas ya tafi, karas ya bi shi, ban ce uffan ba.
Amma wannan, yaro, ka tashe ta."

Na ce, Baba, ai sabuwa ta fi sauƙi.
Ya dube ni kamar na taya kunnensa.

Na kankare, na hure, na gasa ta da iska mai zafi.
Wajen la'asar ta yi tari,
sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Ilu daga Bichi, murya duk goro:
"Kar ka bi ruwan fari, bana ma mayaudari ne,
bara sau biyu ya cinye mana iri."
Tasalla daga Ɗambatta, akuya na kuka a bayanta:
"Geron nan mai saurin nuna, na ɓoye maka tiya biyu."
Malamin gona ya zuba boko minti huɗu,
wani ya biyo shi ya warware:
"Nufinsa ku ɗaga kunya, ku bar wa ruwa hanya."
Har da mai rantsuwa da kabarin kakansa
cewa ba ɗigo sai bayan sati uku.
Baba ya yi tsaki: "Wannan, ko sallama ya yi, leƙa waje."

Ya ce ubansa shamuwa yake jira,
ya duba kaza da 'ya'yanta, ya ɗauko iri.
"Yanzu shamuwar ma tambaya take.
Sama ta daina magana da baki ɗaya,
dole mu haɗa kunnuwa."

Saura saƙo guda, ba a taɓa buɗe shi ba.
Tara da arba'in na dare, muryar Jatau, yana haki:
"Barau, nan sama an yi kamar da bakin ƙwarya,
yana tafe, ka janye injin ban-ruwa, ka ji?
Barau, ka ji?"

Kwana uku ba wuta a unguwarsu.
A mace take cikin aljihunsa
tun kafin Jakara ta karɓe ta.

Bai ce komai ba. Ya sake sa shi. Ya sake.
Hayaniyar kasuwa ta ja da baya ta ba mu wuri.

Can ya nuna ɗan faifan sola da ke rataye:
"Nawa ne mai shan rana?"
Muka yi ciniki, na bar masa a kuɗin da na saro.
Kafin ya miƙe ya danna, ya kai ta baki:
"Mutanen Wasai, ku ne a ƙasa da mu.
In kun ji ni da tsakar dare, ku ɗauka."

Har yanzu akwai lakarsa a ƙarƙashin farcena.
Da magariba na kira inna a ƙauye,
ban tambayi lafiya ba tukuna,
na ce, an yi ruwa?